Hakin da na raina

Jiya da safe ina wanke hannu a bakin famfo sai na tsaya ina kallon faratana, biyu sun karye, sauran kuma ƙasa ta shige ƙarƙashinsu ta yi baƙi, ga ƙarangiya har uku maƙale a gefen zanina ban ma san lokacin da suka hau ba. Ni kaɗai na kama dariya. Da a ce shekara 3 baya wani ya ce mani wata rana zan riƙa idar da sallar asuba in zarce bayan ɗaki in duƙa ina kokawa da haki, wallahi da sai dai in ce mashi Allah ya ba ka lafiya, ni da ko alayyahun miya sai an aiki yaro bakin titi.

Tsadar kayan miya ce ta jefa ni ciki. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, kuɗin da da za su yi maki miyar kwana biyu sai ki ga yaro ya dawo da ɗan ƙullin leda riƙe da yatsa biyu. To gidanmu nan Katsina, can bayan Ƙofar Ƙaura inda gari ya faɗaɗa, akwai wani ɗan fili da ya rage bayan kicin, tsawonshi taku 12 faɗi taku 7, da ƙafata na auna, da can fasassun bulo da tsofaffin langa-langa ake jibgewa wurin. Na ce ma maigidan a kwashe mani su lambu zan yi. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce to manomiya, Allah ya ba da sa'a.

Ƙasar wurin rairayi ce zalla, ki zuba ruwa yanzu ki juya ki dawo kamar ba a zuba ba, kowa na tambaya sai ya ce sai da taki. Aka kawo mamu takin awaki da na shanu cike da amalanke, ɗanye, yadda aka sharo shi daga turke haka aka juye mamu, ni kuma na sa aka baje shi ko'ina aka cakuɗa da ƙasa. Na shuka alayyahu da kuɓewa da yakuwa, na dasa tumatir da attarugu, zogale uku jikin katanga, sai masara layi biyu saboda yara. Ruwa mai ƙarfi ya sauka cikin Yuni, kafin kwana 10 wurin ya yi kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Daɗi kamar ya kashe ni, na ɗauki hoto na ɗora a WhatsApp ƙawaye na ta zuba masha Allah.

Ana haka Inna ta zo, surukata kenan, daga ƙauyensu can wajen Mashi, ganin likitan ido ya kawo ta. Ko hutawa ban bari ta gama ba na ja ta bayan ɗaki in nuna mata aikina. Ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallo, can ta ce "Malama, to wanne ne naki a ciki?" Na ce Inna duka mana. Ta ce "a'a ɗiyata, naki ɗan kaɗan ne, sauran na awaki ne, su suka shuka abinsu."

Ashe in dabba ta ci haki da 'ya'yanshi, da yawa daga cikin irin nan mai tauri ba ya narkewa a cikinta, lafiya lau yake fitowa cikin kashi, ga shi kuma ya fito da guzurin takinshi. Da an tara takin a rami an yayyafa mashi ruwa an rufe, ana juyawa lokaci-lokaci har wata 2 ko 3, zafin da tsakiyarshi ke ɗauka, wanda kan kai digiri 55 zuwa 60, yana kashe mafi yawan irin. Ni ba wanda ya gaya mani. Da kuɗina na sayo ciyawa, na biya kuɗin dako, na shuka ta, har ina sayen ruwan 'yan garuwa ina ba ta ranar da ba a yi ruwan sama ba.

Washegari tun kafin rana ta fito Inna ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta ce a ara mata hauya a maƙwabta. Ni a zatona nome komai za ta yi ta bar layukan da na shuka, sai na ga tana tafiya a hankali tana tsugunnawa, wannan ta tuge ta jefa dama, wancan ta jefa hagu, wani kuma ta kewaye shi ta bar shi tsaye. Matar da aka kawo don ido ba ya gani sosai, amma da ta shafa ganye ta shinshina sai ta faɗi sunanshi. Ranar na gane duk abin da nake ce ma "ciyawa" a dunƙule kowanne da sunanshi da halinshi, kamar 'yan ajina a makaranta.

Waɗanda ta bari tsaye na tukunya ne. Tafasa ce ta fi yawa, sai lalo, sai gasaya mai farin fure, da zaƙi banza ɗan uwan alayyahu, har da yaɗiya da ta fara bin katanga. Ta ce wannan abinci ne Allah ya aiko maki har gida kina shirin zubarwa, ku 'yan birni sai an ƙulla maku a leda kun biya kuɗi sannan kuke yarda abinci ne. Da maraice ta dafa tafasar ta tsiyaye ruwan ta matse, aka daka ƙuli-ƙuli da ɗan yaji da albasa, maigidan da ke cewa shi ya wuce cin kwaɗo sai da ya nemi ƙari. Sai dai ta ja mani kunne kan abu guda, in kula da bambancin tafasa da rai-ɗore don suna kama tun suna ƙanana. Ganyen tafasa bakinshi a zagaye yake, bibbiyu jere sau uku a kan silli ɗaya, na rai-ɗore kuwa bakinshi da tsini kuma in kin murza wari ne da shi mai ƙarfi, 'ya'yanshi na yi ma dabba illa haka ma yara, kar a bar shi ya yi ƙwanso a gidan da ke da ƙananan yara.

Tulin hannun dama na bisashe ne, harƙiya da guɗe-guɗe da burburwa, irin wanda za ki ga yara sun yanko da lauje sun ƙulla suna saidawa bakin hanya da damina. Shi muka riƙa miƙa ma maƙwabciyata ta kan katanga saboda tumakinta. Daga baya da na yi wayau sai na daina karɓar takin tumakin nata ɗanye, don na lura zagaye kawai muke yi, in ba su haki mai 'ya'ya su maido mani da shi cikin kashi.

Na hagun kuwa ta ce wuta, ba bola ba, ba ramin taki ba. Tsidau na ciki, mai shimfiɗa a ƙasa da ɗan furenshi rawaya kamar mutumin kirki, amma in ƙayarshi ta bushe silifas take hudawa har tayar keke. Ga kashin yawo, ga ƙarangiya, duk 'yan maƙale ma mutum a tufafi ne ya kai su inda ba su taɓa zuwa ba. Akwai wani da ni da kaina na yi mashi 'yar katanga da duwatsu saboda kyaun furenshi, fari dogo kamar kakaki, da Inna ta gan shi sai da ta yi salati. Zaƙami ne, wanda ake ce ma haukata yaro, ga autana lokacin yana rarrafe komai ya samu baki. Ta tuge shi har saiwa ta sa na wanke hannu da sabulu ko da yake ban taɓa shi ba. Tumfafiya ma guda biyu sun fito jikin kwata, ta ce in zan cire in sa leda a hannu in kauda fuska, farin ruwan nan nata in ya faɗa ido ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Duk waɗannan masu sauƙi ne, in kin tuge su kafin su yi 'ya'ya kin gama da su. Akwai dai wani siririn haki mai sheƙi da ya fito jefi-jefi wajen kuɓewa, bai kai tsawon yatsa ba, na sa hannu na fizge shi ya tsinke cikin sauƙi na ce Inna wannan ai ba shi da wuya. Ta yi wata irin dariya ta ce "jiji kenan, ki gaishe shi da kyau, kun daɗe tare."

Hausawa suka ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni kam da jiji aka yi wannan karin maganar. Wasu na ce mashi aya-aya, kuma da gaske ɗan uwan aya ne da ƙajijin da muke sa ma turaren wuta, gidansu ɗaya, in kin murza karanshi tsakanin yatsu za ki ji kusurwa uku gare shi ba a mulmule yake ba. Abin da ke sama ba komai ba ne, dukiyarshi na ƙasa. Ƙwayoyi yake yi baƙaƙe masu tauri kamar ƙananan aya, wata siririyar saiwa kamar waya ta haɗa wannan da wancan, in kin yi sa'a kin tono su a jere sai ki ga kamar carbi. To muguntar ita ce yawancin ƙwayoyin nan barci suke, guda ce ke tsiro, amma da kin sa hauya kin tsinke carbin sai kowace ta farka ta fiddo nata kai. Wato duk saran da na yi da ƙarfina ina huci ina ganin ina kashe shi, raba mashi gado nake. Inda na cire biyar ranar Asabar, wata Asabar sai in tarar da sun fi goma sun yi sahu suna jirana. Daga baya na karanta cewa masana ciyayi na lissafa shi a matsayin ciyawar da ta fi kowace addabar manoma a duniya, tana cikin ƙasashe sama da 90, sai na ɗan ji sanyi, ashe ba ni kaɗai ya raina ba.

Ba irin dabarar da ban gwada ba a daminar farko. Na shimfiɗa baƙar leda na danne da bulo, ya huda ledar ya fito kamar allura. Na tafasa ruwa a tukunyar tuwo na kwara mashi, na saman ya mutu, ƙwayar da ke ƙasa ko a jikinta, gas ɗina kawai na ƙona. Ruwan zafi a tsagar siminti da gindin katanga yake aiki, ba a tsakiyar lambu ba. Wata ta ce in zuba gishiri, Allah ya taimake ni a ɗan lungu guda na gwada, har yau wurin ko tafasa ba ta fitowa da kyau. Wani kuma ya ce baƙin mai na inji, wannan kam ban ma saurare shi ba, a ƙasar da zan shuka abin da yarana za su ci?

Kiri-kiri ma ya ba ni wuya amma shi aƙalla ana ganin tafiyarshi, yaɗo yake kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa, sai ki bi shi da haƙuri ki ɗago shi kamar kina warware zare, kar ki daddatsa. Balasaya mai ɗan shuɗin fure ita kuma in kin tuge kin yar a wurin, da an yi yayyafi da dare kafin safe ta sake kama ƙasa, dole sai an kwashe ta an shanya kan siminti.

Sai zancen feshi, wanda har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Cikin marka ne, Agusta, ruwa kusan kullum, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni kwana 9. Kafin in tashi bayan ɗaki ya zama daji, sauro ya samu wurin laɓewa da rana, yara suka ce sun ga kunama ƙarƙashin wani langa-langa, maigidan ya ce shi fa ba zai zauna maciji ya shigo mashi gida saboda miyar kuɓewa ba. Ban ga laifinshi ba. Ya je wani shago ya dawo da maganin ciyawa da aka tsiyayo mashi a robar lemo, ba suna ba takarda ba komai, wai mai shagon ya ce murfi kaza a ruwa kaza. Aka samo wani yaro da abin feshi na goyo, ba safar hannu ba takunkumi, silifas ne a ƙafarshi, ga iska na kaɗawa. Washegari komai ya ƙone ƙurmus, hakin da kuɓewar da yakuwar, har ganyen zogale na ƙasa. Bayan sati biyu wa zai fito ya yi kore shar shi kaɗai a fili ba abokin takara? Jiji.

Mijin wata abokiyar aikina malamin gona ne, shi ya zaunar da mu ya yi mamu bayani. Ya ce maganin ciyawa da aka fi fesawa kan haki bayan ya fito iri biyu ne. Akwai mai ƙona ganye kawai, duk inda ya taɓa ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu amma ba ya sauka ƙasa, irin wanda ake rubuta Paraquat a jikin gorarshi, ya ce alamun abin da aka fesa mamu sun yi kama da shi. Wannan guba ce ta gaske, kurɓi kaɗan na iya kashe mutum, huhu yake lalatawa kuma ba shi da makari, Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, nan ma hukumar NAFDAC ta sanar da hana shi daga farkon 2024. Da ya faɗi haka sai da cikina ya juya, don ragowar na nan cikin robar lemo a tagar kicin kwana da kwanaki, gidan da yara ke ɗaukar duk robar da suka gani su kafa kai. Na biyun shi ne mai bin jikin tsiro har saiwa, wanda ake rubuta Glyphosate, shi sai ya yi sati ɗaya zuwa biyu kafin ki ga aikinshi, yana son a samu awoyi ba ruwan sama bayan an fesa, kuma ba ruwanshi da wannan naki ne wannan na awaki ne, duk koren da ya taɓa ya tafi. Ko shi ɗin ma, in ji shi, jiji sai an maimaita, don ƙwayoyin da ke barci ba su sha ba.

Ni ba na zagin mai feshi. Wanda ke da gona eka da eka ga tsadar 'yan ƙwadago, na san lissafin da yake yi. Amma taku 12 a bayan kicin, inda kaji ke tono yara ke wasan ƙasa ni kuma ina tsinkar ganye in wanke in jefa tukunya a ranar, gaskiya ban ga dalili ba. Tun ranar na ce ma maigidan in ya ga daji ya yi yawa ya ɗauki adda, in ba zai iya ba ya tashe ni ko ina kwance.

Abin da ya fara karya lagon jiji ba da damina aka yi shi ba, da bazara ne. Inna ce ta aiko da saƙo cikin Maris ta ce yanzu ne lokacinshi. Ƙwayar jiji na jure komai amma ba ta jure bushewa a rana. Cikin zafin Afrilun nan na Katsina da ke kai digiri 40, na sa aka kafce wurin da zurfi, ya fi kamu ɗaya, muka samu tsohuwar wayar taga muka riƙa tankaɗe ƙasar kamar masu tankaɗen gari, ni da yara da almajirinmu, da sanyin safiya da kuma bayan la'asar. Na sa masu gasa duk wanda ya cika gwangwanin madara da ƙwaya yana da alawa. Muka baje su kan langa-langa suka yi sati biyu a rana sannan na ƙona. Ƙasar ma ba mu daidaita ta ba, muka bar ta a birkice rana ta gasa waɗanda suka kuɓuce mamu, bayan kwana 10 aka sake juyawa. Ba su ƙare ba, kar in yi maku ƙarya, amma daminar da ta biyo baya abin da ya fito bai kai rabin na da ba.

Na biyu inuwa. Jiji ɗan rana ne, in aka rufe mashi sama sai ya yi ta ramewa. Gefen da ya fi ƙarfi na daina sa tumatir, na sa kabewa da wake mai yaɗo, ganyensu ya lulluɓe wurin. Tsakanin layuka kuma nakan shimfiɗa kwali in zuba busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, ko ɓuntun shinkafa a kai da kauri, yana hana ƙananan haki fitowa ga riƙe danshi, kuɗin ruwana ma sun ragu da rani. Matsalar kwali guda ce, gara. Tana son shi kamar me, don haka ba na kai shi jikin katangar ɗaki ko gindin zogale. Wanda kuma duk ya samu ya leƙo, ba na bari ya wuce ganye uku ko huɗu, in zare shi a hankali bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, sau da yawa har ƙwayar ke biyowa. Duk tsirowar da ya yi daga ajiyar ƙwayar yake ci, in ba a bar shi ya ga rana ya mayar ba, yau da gobe sai ta ƙare.

Wata dabarar kuma wajen masu lambu na Ƙofar Marusa na gano ta, ranar da na je sayen dashen tumatir. Na ga wani dattijo ya gyara fangali ya ba shi ruwa amma bai shuka komai ba, na ce Baba lafiya ake shayar da ƙasa ba iri? Ya ce "Hajiya baƙi nake kira, su fito in sallame su sannan in kawo masu gida." Wato ki jiƙa wurin ki jira kamar kwana 10, duk irin hakin da ke sama-sama ya tsiro, ki bi da hauya ki kankare shi sama-sama ba tare da kin juya ƙasar ba, don in kin juya kin ɗago wani sabon iri daga ƙasa, sannan ki yi shukarki. Alayyahuna na bana da haka na yi shi, kuma shi ne karo na farko da na iya gane layi ba sai na yi ta lalube ba.

Sauran duk lokaci ne. Manoma na da noman firi da maimai, kuma ba banza suka sa masu suna ba, makonnin farko bayan shuka su ne ake rabon abinci da ruwa da haske, in haki ya riga shukarki miƙewa ko kin nome daga baya ta riga ta tsumbure. Ni yanzu minti 15 ne kullum bayan asuba kafin shirin makaranta, haki na kamar gashin jariri, yatsa biyu sun isa. In aikin hauya ne ina son safiyar da na ga alamar za a yi rana, abin da na sare ya bushe kafin azahar. In na hannu ne kuma sai bayan ruwa. Kuma komai gajiya ba na barin wani ya yi fure ya zubar da 'ya'ya, ko ba zan iya tugewa ba nakan bi da almakashi in yanke kawunan in zuba a gwangwani.

Bara wani abu ya fito gindin masarar yara, ɗan tsiro mai fure ja-ja mai ruwan hoda, kyakkyawa da shi. Na tura ma ƙanen maigidan hoto ya nuna ma Inna, ko minti biyar ba a yi ba sai ga kira, muryarta har rawa take, "Malama ƙuduji ne, maza ki tuge ki ƙona, kar ki bari ya bushe a tsaye." Wuta-wuta kenan. Shi a jikin saiwar masara ko dawa ko gero yake kafa baki yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin ki gan shi a sama ya riga ya yi ɓarna, kuma guda ɗaya na zubar da iri dubbai masu laushi kamar ƙura da kan yi sama da shekara 10 a ƙasa suna jiran hatsi. Ina zargin cikin ƙasar gona da aka ƙaro mamu ya zo. Guda huɗu ne kacal amma yadda Inna ta ɗaga hankali kamar gobara, wanda ya taɓa ganin gonar gero ta tsaya cak saboda shi ne kawai zai gane. Bana gyaɗa na sa a wurin.

Yanzu abin da ya rage muna 'yar tsama da shi bedi ne. Akwai babba a ƙofar gidan maƙwabta, jemagu da tsuntsaye su sha 'ya'yan su zo su yar mani da ƙwallon, da damina sai ki ga 'yan bedi sun fito ko'ina har cikin tukunyar na'a-na'a. Icce ne mai albarka, daga Indiya asalinshi, a 1928 aka fara dasa shi a Borno ga shi yau ya zama inuwar kowace unguwa a arewa, amma ba a gindin katangata ba. Yana ɗan ganye huɗu da yatsa ake zare shi, in ya shekara sai da dagi, in kin sare kuma ya tofo da kai uku. Guda ɗaya na ɗaga na sa a leda na ba almajirinmu ya kai makarantarsu.

Ɗazu da hantsi Inna ta bugo, ba ta tambayi jikokinta ba sai da ta fara tambayar ko na bar mata tafasarta ta gefen kwata, wai tana nan tafe sati mai zuwa a duba mata ɗayan idon. Na ce tana nan Inna har ta kai gwiwa. Ta ce jiji fa? Na ce na ga uku jiya gindin kabewa. Ta ce "uku kika gani." Hauyar dai na nan jingine bakin ƙofar kicin, tawa ce yanzu ba ta aro ba, maƙerin ma da ya ga tsayina sai da ya rage mata ƙota.